Bin sawun cutar Still: littafin aikina

9 ga Janairu

Yau kwamitin kula da ƙa'idojin bincike ya ba ni izinin buɗe tsofaffin fayilolin marasa lafiya, da sharaɗin ba suna, ba lambar kati, ba wani abin da zai sa a gane mutum. Don haka duk wanda zan ambata a nan, sai dai in ce wata mata ko wani yaro.

Tambaya guda na sa a gaba. Cutar Still takan fara wa mutane kusan iri ɗaya: zazzaɓi mai zafi da ke tashi kullum, ciwon maƙogwaro, ƙuraje masu fitowa su ɓace, da ciwon gaɓɓai. Daga nan sai hanya ta rabu uku. Wani sau ɗaya take kama shi, bayan 'yan watanni ta sake shi, ba ta ƙara waiwayarsa. Wani tana tafiya tana dawowa, da tazarar watanni ko shekaru. Wani kuwa zazzaɓin ya lafa, amma cutar ta tare a gaɓɓai tana cin guringuntsi har wuyan hannu ya ƙage. Me ke raba su? Da zanenta aka ga zabuwa tun ranar farko, ko kuwa jinkirin gane cutar ne ke tura wasu hanya ta uku?

Farfesa ya so in ɗauki cutar da ta fi yawa. Ya tuna mini binciken yammacin Faransa da aka buga a 1995, wanda ya nuna cikin manya miliyan ɗaya, waɗanda cutar ke kamawa a shekara ba su kai biyu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙarancin nasu ne ya sa suke daɗewa ana juya su daga wannan ɗaki zuwa wancan." Ya yi shiru, sannan ya sa hannu a takardar.

22 ga Janairu

Mako biyu ina karatun tarihi, kuma ya sauya mini tsarin aikin tun ban fara ba.

George Frederic Still likitan yara ne a Landan. A 1897 ya buga bayanin yara 22 masu daɗaɗɗen ciwon gaɓɓai, ya lura cewa wasunsu ciwon bai tsaya a gaɓa ba: ga zazzaɓi, ga kumburin saifa, ga kaluluwa. Aka shekara saba'in da 'yan kai ana ɗaukar abin a matsayin ciwon yara, sai a 1971 Eric Bywaters, shi ma a Ingila, ya kawo bayanin mata 14, manya, masu alamomi irin waɗancan. Tun daga nan aka raba cuta ɗaya gida biyu. Wanda ta kama kafin ya cika shekara 16 na likitocin yara ne, da sunanta daban da ƙa'idojinta daban. Wanda ta kama bayan nan na likitocin manya ne. Yarinya 'yar shekara 15 da wata tara da yayarta 'yar 17, ko da ciwonsu iri ɗaya ne sak, a littafi daban za a rubuta su. Sai a 2024 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, da takwararta ta likitocin yara, PReS, suka fitar da shawarwari na haɗin gwiwa, suka ce a haɗa su ƙarƙashin suna guda, cutar Still.

A ganina an makara da wannan gyaran. Cutar da masu ita ba su da yawa, kuma a ce an raba ɗan abin da ake da shi biyu. Gobe zan koma in nemi izinin shiga ma'ajiyar ɓangaren yara.

5 ga Fabrairu

Neman fayil ta sunan cutar bai kai ni ko'ina ba. Ba ta shiga asibiti da sunanta. Tana shiga ne da "zazzaɓin da ba a gano sanadinsa ba", ko "ana zargin guba a jini", ko "ana zargin sankarar kaluluwa". Tsohon da ke kula da ma'ajiyar ne ya nuna mini hanya. Ya ce, "'Yata, ki bar bin suna. Ki nemi fayil mai kauri na mutum mai ƙananan shekaru." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Shawararsa ta fi duk tsarin da na zana a kwamfuta.

Babu gwaji guda da zai ce wannan ita ce. Ƙa'idojin da Yamaguchi da abokan aikinsa suka fitar a Japan a 1992 su nake bi. Manyan alamomi huɗu ne: zazzaɓin da ya kai digiri 39 na mako ɗaya ko fiye, ciwon gaɓɓai na mako biyu ko fiye, ƙurajen cutar, da fararen ƙwayoyin jini 10,000 ko fiye, aƙalla kashi 80 cikin ɗari nasu masu kai harin gaggawa ne. Ƙananan kuma ciwon maƙogwaro, kaluluwa ko kumburin saifa, rikicewar gwajin hanta, da fitowar gwajin RF da na ANA babu komai (gwaje-gwajen jini ne masu neman makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa a kan jikin mai ita). Ana son alama biyar, aƙalla biyu daga manya, kuma sai an kore kamuwa da ƙwayar cuta, da kansa, da sauran cututtukan gaɓɓai.

19 ga Fabrairu

Akwai fayil ɗin da na wuni a kansa yau, na wata mata da ba ta kai talatin ba.

Sau da yawa ta zo a duba ta, kullum da safe. Kowane zuwa tana cewa zazzaɓi na hana ta barci, ana sa mata ma'aunin zafi, ana rubuta 36.8 ko 37, a ƙasa a ce "babu zazzaɓi yanzu". An ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, an sauya wani, an sake sauya wani. Ba na ganin laifin waɗanda suka ba ta. Mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da fararen ƙwayoyin jini sun yi sama, duk likitan kirki ƙwayar cuta zai fara tunani, kuma a mafi yawan lokuta shi ke da gaskiya.

Sai aka kwantar da ita. A nan na ga takardar awon zafin jiki, ta yi laushi don tsufa, gefenta ya yage. Awon safe da baƙin biro, duk ɗigon suna kwance a ƙasa. Awon yamma da na dare da shuɗin biro, hannun mutum ɗaya ne, nas ɗin da ke aikin dare a makon. Ta haɗa ɗigon da layi, abin ya fito kamar haƙoran zarto: da yamma ya haura 39.6, kafin gari ya waye ya faɗo ƙasa, gobe ya sake hawa kusan a sa'a guda. Kwana shida a jere. A gefen kwana na huɗu ta rubuta da ƙananan baƙi cewa ta ga wasu ƙuraje a cinyarta da ƙirjinta lokacin da jikin ya yi zafi, da safe kuma babu su. Wannan layin guda ne ya juya akalar maganin. Washegari aka nemi gwajin feritin, furotin ɗin da ke ajiye sinadarin ƙarfe a jiki, ya fito ya ninka iyakarsa sau da yawa.

Na daɗe ina kallon shuɗin rubutun nan. Cutar tana da lokacinta na fitowa, kuma ba lokacin da ake ganin likita ba ne. Na ƙara gurbi a jadawalina: da wane ƙarfe aka auna zafin.

4 ga Maris

Gurbin ƙuraje a jadawalin kusan fayau yake, kuma ban yarda cewa ƙurajen ne babu ba. Littattafai suna kwatanta su da ruwan hoda mai ɗan ja, irin na naman kifin salmon. A farar fata aka yi wannan kwatancen. A baƙar fata abin da za ka gani ɗan sauyin launi ne da sai ka kusanto da haske mai kyau, wani lokaci ma sai ka shafa ka ji ɗan tudu. Sun fi fitowa a gangar jiki da damtse da cinya, da inda aka sosa ko inda tufafi ya matse. Akwai kuma wani nau'in da aka bayyana daga baya, mai ƙaiƙayi, wanda ba ya ɓacewa da safe, yana barin duhun layuka kamar shatin bulala. Shi ba ya cikin ƙa'idojin 1992.

Tunda ƙuraje na cikin manyan alamomi huɗu, wanda ba a ga nasa ba ya fara da giɓi, jinkirinsa kuma ya ƙaru. Daga yau duk wanda nake zargi, ina roƙon mai jinyarsa ya ɗauki hoton fatar da waya idan zazzaɓin yamma ya tashi.

18 ga Maris

Wannan makon na bar fayiloli na koma kan sanadi, domin ba zan iya fassara abin da nake tarawa ba sai na daidaita tunanina a nan.

Garkuwar jiki runduna biyu ce. Akwai wadda aka haife mu da ita, mai afka wa duk baƙon abu nan take ba tare da ta san shi ba. Akwai kuma mai koyo, wadda ke haddace abokin gaba ta ƙera masa makami na musamman. A amosanin gaɓɓai irin wanda aka fi sani, mai koyon ce ke kuskure ta ƙera makami a kan jikin mai ita, shi ya sa ake samun RF a jinin mafi yawansu. A cutar Still ba a samun waɗannan makaman. Runduna ta farko ce ke tashi ba tare da an ga maharin ba, kuma ta ƙi komawa bariki.

Fahimtar wannan ta biyo ta wata hanya ce ta daban. A 1997 aka gano ƙwayar gadon MEFV, wadda ke haddasa zazzaɓin gado na mutanen yankin Bahar Rum. A 1999 Daniel Kastner da abokan aikinsa suka raɗa wa wannan rukunin cututtuka suna, wato masu kumburin da ke tada kansa. A 2002 ɗakin binciken Jürg Tschopp a Siwizalan ya bayyana inflamasom, tarin furotin a cikin ƙwayar halitta wanda ke sa a yanke IL-1 da IL-18, sinadaran saƙo na garkuwar jiki masu tada kumburi, su zama masu aiki. IL-1 ne ke kunna zazzaɓi, shi da IL-6 suna sa ɓargo ya zubo fararen ƙwayoyi, hanta kuma ta cika jini da sinadaran kumburi.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Virginia Pascual a Dalas ta Amurka, 2005. Ta ɗebi ruwan jinin yara masu cutar ta zuba a kan ƙwayoyin jinin masu lafiya, sai ƙwayoyin suka shiga ƙera IL-1. Ta bai wa yara 9 anakinra, allurar da ke toshe wa IL-1 hanya, 7 suka samu cikakken sauƙi. Yara tara kacal, amma da tambaya mai kyau. A ƙarshen 2012 manyan gwaje-gwaje biyu suka tabbatar da amfanin tocilizumab mai toshe IL-6 da canakinumab mai toshe IL-1.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. A 2015 Michael Ombrello da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin gadon yara kusan 1,000 daga ƙasashe 9, alaƙar da ta fi ƙarfi kuwa ta fito a wata ƙwayar gado mai suna HLA-DRB1*11. Aikin furotin ɗin da take sa a ƙera shi ne miƙa wa runduna mai koyo abin da za ta haddace. Ke nan ita ma da hannunta a ciki. A shekarar kuma aka samu wasu iyalai a Saudiyya da lahani a ƙwayar gado guda, LACC1, ya jawo wa 'ya'yansu ciwo mai wannan kama, amma irin wannan tsiraru ne. An sha zargin wasu ƙwayoyin bairos da tayar da cutar, babu guda da aka kama dumu-dumu.

2 ga Afrilu

Na gano kuskure a jadawalina. A wasu fayilolin na ɗauki ranar zuwa asibiti a matsayin ranar fara ciwo, a wasu kuma ranar da mai ciwon ya ce zazzaɓi ya fara. Tunda jinkiri nake aunawa, wannan ya ɓata lissafin gaba ɗaya. Na raba gurbin huɗu: fara zazzaɓi, zuwan farko, ranar da aka ambaci sunan cutar, ranar fara maganin da ya dace. Zan koma kan kowane fayil daga farko.

21 ga Afrilu

Ban iya rubutu jiya ba. Fayil ɗin wani yaro ne ɗan shekara bakwai.

Yana kan magani, sai gwajin ESR mai nuna yawan kumburi a jiki, wanda ya daɗe a sama, ya faɗo ƙwarai cikin 'yan kwanaki. An rubuta "ESR ya sauka, ana samun sauƙi". A shafin da ke biye kuwa zazzaɓin ya daina hawa da sauka, ya tsaya a sama dare da rana. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda cutar kan cika su maƙil, suna raguwa. Yaron ya yi laushi, dasashinsa na tsatsar jini. Wata ƙaramar likita ce ta haɗa waɗannan wuri guda, ta nemi feritin cikin gaggawa, aka fara masa sitiroyid, maganin danne kumburi mai ƙarfi, ta jijiya a daren. Ya rayu.

Wannan shi ne MAS, mafi haɗarin abin da cutar ke jawowa. Manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj suna haukacewa har su riƙa haɗiye ƙwayoyin jini a cikin ɓargo, sinadarin intaferon gama na zuga su. ESR yana faɗuwa ne domin fibirinojin, furotin ɗin da ke ɗaga shi, yana ƙarewa. Lambar da ta yi kama da albishir ita ce ƙararrawa. Kusan ɗaya cikin goma na yara masu cutar kan faɗa wannan hali a fili. Ƙa'idojin 2016 sun sa iyakar feritin a 684, tare da biyu cikin huɗu: raguwar ƙwayoyin daskarar da jini, hawan gwajin hanta na AST, hawan kitsen jini, da raguwar fibirinojin. Amma masana sun jaddada cewa inda lambobin suka dosa ya fi inda suke tsaye muhimmanci, fayil ɗin yaron nan ma haka ya nuna.

Tun farko na tsara aikina a kan gaɓɓai. Yanzu dole in ware wa MAS nasa shafin.

9 ga Mayu

Na cire fayil guda daga lissafi, na wani dattijo da ya haura sittin. Ya cika ƙa'idojin Yamaguchi, amma jajayen ƙwayoyin jininsa manya ne fiye da kima, kuma sau biyu an rubuta kunnensa ya kumbura ya yi ja. Wannan ya tuna mini da VEXAS, cutar da masu bincike a cibiyar NIH ta Amurka suka bayyana a 2020 a jikin maza 25. Lahani ne a ƙwayar gadon UBA1, ba gadonsa ake yi ba, a ɓargo yake faruwa bayan mutum ya manyanta. Kafin 2020 an yi ta ba masu ita sunayen wasu cututtuka.

Ba yau aka fara ba. A 1975 iyaye mata a jihar Connecticut suka matsa cewa yaran da aka ce suna da amosanin gaɓɓai a garin Lyme da maƙwabtansa sun yi yawa. Allen Steere ya bi sawu ya tattara yara 39 da manya 12, a 1982 kuma Willy Burgdorfer ya ba da rahoton gano ƙwayar cutar da ke jawo ciwon, wato cutar Lyme, a cikin kaska. Haka cutar Whipple, wadda aka bayyana tun 1907 amma sai 1992 aka tantance ƙwayarta: takan shekara da shekaru tana ciwon gaɓɓai kafin gudawa da rama su bayyana, kuma maganin danne garkuwa ƙara mata ƙarfi yake yi.

Abin da ke damuna ke nan. Sunan da ake bayarwa bayan an kore sauran cututtuka buhu ne, kowa ya rasa wurin zuwa a ciki ake zuba shi. Mai yiwuwa hanyoyi ukun da na fara da su ba duka na cuta ɗaya ba ne.

28 ga Mayu

Na jera hotunan ƙashi uku na wuyan hannun mutum ɗaya a jikin fitilar dubawa. A na farko ƙananan ƙasusuwa takwas ɗin nan kowanne da iyakarsa, da siririn fili tsakaninsu. A na biyu filin ya tsuke. A na uku sun haɗe sun zama dunƙule guda, gaɓɓan yatsu kuwa lafiya lau. Medsger da Christy sun bayyana wannan salon tun 1976. Mai hannun nan ba zai ƙara lanƙwasa shi ba.

An san wasu alamomin da ke nuna inda aka dosa: gaɓɓai da yawa tun farko, shigar kafaɗa ko ƙugu, a yara kuma zazzaɓin da bai lafa ba har wata shida. A 2014 Peter Nigrovic na Boston ya kawo ra'ayin cewa cutar zango biyu ce. Zangon farko na IL-1 ne da zazzaɓi. In aka bar shi ya daɗe, sai ya horar da runduna mai koyo, musamman ƙwayoyin da ke fitar da wani sinadarin kumburin, IL-17, su kuma su tare a gaɓa, lokacin da toshe IL-1 ba ya wadatarwa. Icce tun yana ɗanye. A shekarar nan Sebastiaan Vastert da abokan aikinsa a Utrecht ta Holan suka ba da rahoton yara 20 da aka fara musu da anakinra kai tsaye, mafi yawansu cutar ta kwanta cikin shekara guda.

Na kai wa Farfesa wannan ina murna, domin fayilolina ma wajen nan suka karkata. Ya ce, "Dakta, zauna. Wanda ciwonsa ya zo da hayaniya, da zazzaɓi mai tsanani da feritin a sama, shi ake ganewa da wuri, ko ba haka ba? Wanda nasa ya zo a hankali ta gaɓɓai, shi ake makara a kansa. To in na biyun ya ƙare da ƙagaggen hannu, jinkirin ne ya jawo, ko irin ciwon nasa ne ya jawo jinkirin da ƙagewar duka?" Ya ƙara da cewa cikin waɗanda aka yi wa magani da wuri akwai 'yan hanya ta farko, waɗanda ko da ma za su warke. Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Na ji nauyin maganar, amma ta tsaya da ƙafafunta. Tsofaffin fayiloli ba za su warware wannan ƙullin ba. Ni dai har yanzu zuciyata na wajen cewa jinkiri na da nasa kason, kuma ko don raɗaɗi da illar daɗewa kan sitiroyid, babu dalilin jira.

13 ga Yuni

Mun yanke shawarar sauya fasalin aikin. Fayilolin da na gama za su zama kashi na farko, bayani kawai, ba tare da da'awar sanadi ba. Kashi na biyu bin sababbin marasa lafiya ne tun daga ranar da aka fara zargi, yara da manya a takarda ɗaya. Za a ɗebi jini kafin a fara magani a daskarar da shi don auna IL-18 daga baya, a ƙirga gaɓɓan da suka kumbura a zuwan farko, a ɗauki hoton wuyan hannu a farko da kuma duk shekara. Na sa tambaya kan tari da haki da kumburin kan yatsu, saboda rahotannin 2019 na wani ciwon huhu mai tsanani a wasu yara masu cutar.

Asibiti ɗaya ba zai tara adadin da ake buƙata ba, don haka na rubuta wa abokan aiki a wasu cibiyoyi uku, biyu sun amsa. Takardar neman yardar marasa lafiya tana wurin kwamiti. Kafin su dawo da ita, ranar Litinin zan zauna da nas-nas na aikin dare mu daidaita sa'o'in awon zafi, a tabbatar akwai guda tsakanin ƙarfe 4 na yamma da 8 na dare, da gurbin rubuta abin da aka gani a fata.